Tsutsa a Furen Audugar Hajo

Hajo ta Nasarawan Doya ba mai tsoron ƙwaro ba ce. Tsohuwar da ke murƙushe kunama da gindin muciya ta koma kan tuƙin tuwonta, ai ba tsutsa ce za ta tayar mata da hankali ba. Amma wata safiya cikin bazara, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga Bama, yaƙin duniya na biyu, ta zagaya bayan ɗakinta da tulun ban-ruwa, ta ga abin da ya sa ta dire tulun ba ta zuba ko ɗigo ba.

Furen audugarta ne ya ƙi buɗewa.

A bayan ɗakin nan, tsakanin rijiya da danga, tana da ɗan lambu. Akwai barkono, akwai yakuwa, akwai kuɓewa, amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Abin da ya sa Hajo ke jan guga da tsufanta shi ne gindin audugar gida da suka yi layi a jikin danga, kowanne ya fi mutum tsawo. Uwarta ce ta taho da irin daga Kudan lokacin da aka kawo ta aure. Gashin audugar gajere ne, gurzarta da wuya, amma zarenta ba ya tsinkewa, kuma in ya sha rinin baba sai zanen ya mutu bai koɗe ba. Da ita aka yi likkafanin uwar, da ita aka yi na mijin Hajo.

To, ita wannan audugar haramtacciya ce, kuma ba yau ba. Tun da Turawa suka kawo tasu, mai dogon gashi, suka shiga raba anguryarta kowace shekara, aka ce kada a ƙara shuka ta gida don kada iri ya gauraya. Aka kuma kafa doka cewa da an gama tsinka, kowa ya tuge karan audugarsa ya ƙone, kada bazara ta iske ko gindi ɗaya a tsaye. A hankali ta gida ta ɓace daga Makarfi har Ikara, har Kudan ɗin da ta fito. Ta Hajo kaɗai ta rage. Kowa a garin ya san da ita. Mai unguwa ya sani, tun da da zarenta aka suturta ubansa. Duk shekara mai shela zai wuce ta ƙofar gidan yana faɗin dokar da ƙarfi, sannan ya leƙo ya gaishe ta, ta ba shi ruwa ya sha. Shekara da shekaru ana kau da kai, har mutane suka manta cewa kau da kai suke yi.

Furen audugar gida da hantsi yake buɗewa, ruwan ɗorawa, da jan ido a gindinsa. Wannan kuwa an murɗe bakinsa an ƙulle kamar bakin jaka. Ta duba na kusa da shi, haka. Ta duba na sama, haka. Ta sa farce ta ɓare ɗaya, sai ga wani zare siriri ya ɗinke furen ta ciki, ga kuma mai aikin kwance a tsakiya, 'yar tsutsa da ba ta kai tsawon farce ba, jaja-jaja kamar dasashin jariri, da ɗan baƙin kai. Hajo ta san ƙwarin auduga kamar yadda ta san jikokinta. Ta san koriyar tsutsa mai huda ƙwallo, ta san jan ƙwaron nan mai ɓata farin auduga, ta san darɓa. Wannan kam ba ta taɓa gani ba. Har sai da abin ya ba ta haushi, wai a gidan Hajo wata halitta za ta zo ta nuna gwanintar kaɗi.

Ta barbaɗa toka. Ta jiƙa taba ta yayyafa. Kwana biyu ta dawo ta tarar ƙullallun furannin sun ƙaru, waɗansu sun zube ƙasa ba su ɗaura ƙwallo ba. Ta sa aka kira mata Usmanu, ɗanta na fari, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunansa ba. Ya zo daga sharar gona duk jikinsa toka, ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi abin sama-sama ya ce tsutsa ce, Inna, a ƙara toka. Hankalinsa na kan gonarsa, wadda ke nan bayan dangar, inda yake zuba audugar Bature duk damina, da ita yake rufa wa gidan asiri. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ba ta kira shi don ya gaya mata tsutsa tsutsa ce ba.

Ita a ganinta ba a yi wa ciwo magani sai an san sunansa. Ranar kasuwar Makarfi dama tana da zaren da za ta kai wa Sada masaƙi, sai ta ce bari ta tafi da abin, kasuwa ba ta rasa wanda ya taɓa gani. Ta yi tunanin in ta ciro tsutsar za ta bushe a hanya, kuma ba wanda zai ga irin ɗinkin da take yi. Don haka ta tsinko furen da ɗan reshensa da ganyensa, ta sa a ƙwarya, ta yayyafa ruwa, ta rufe da faifai. Nan ta yi kuskuren, kuma wallahi duk wanda ke Nasarawan Doya a lokacin, da haka zai yi. Ta wuce ta gaban mutane da ƙwaryar, ta buɗe wa biyu ko uku suka leƙa, kowa tsutsar ya gani. Ba wanda ya ga fure.

Sada taubashinta ne, ɗan ƙanen uwarta, tun suna yara suke tsokanar juna kuma furfura ba ta raba su da halin ba. Da ya hango ta sai ya ce wa maƙwabcin rumfarsa a ɓoye goro, ga tsohuwar nan mai cinye na mutane ta iso. Ta ce ai masaƙin da ya shekara hamsin yana saƙa bai saƙa wa kansa rigar kirki ba, ba shi da goron da za a ci. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da zafi da jikin tsufa. Sannan ta ɗaga faifan.

Sada ya kai furen kusa da idonsa, ya mai da shi nesa, ya ce shi dai bai san wannan ba. Kafin ka ce me, an taru. Mai taba ya ce ya taɓa ganin irinta a cikin gauta. Wata mai nono ta ce a'a, ta gauta fara ce. Wani mai maganin gargajiya ya ce wannan ba tsutsa ba ce, aike ne, tun da an ɗinke bakin fure to bakin arzikin gidan aka ɗinke, kuma yana da turaren da ke warware shi. Hajo ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya je ya fara warware nasa. Kowa da abin da yake faɗi, ba wanda ya faɗi abin da za a riƙe.

Ana cikin haka Sada ya hango Malam Tukur, malamin gona da ke zaune a Ikara, yana tura kekensa cikin kasuwa. Kash, Sada! Da zuciya ɗaya ya yi, so yake ya fitar da 'yar'uwarsa kunya. Ya ɗaga hannu ya kira shi, kuma tun kafin saurayin ya jingine keken ya riga ya gabatar da ita, wai wannan ita ce Hajo ta Nasarawan Doya, wadda duk ƙasar nan babu mai kaɗinta.

Malam Tukur yaro ne mai ladabi. Ya rusuna ya gaishe ta, ya karɓi furen hannu biyu, ya ciro wani ɗan gilashi mai ƙara wa abu girma daga aljihu. Da ya duba, sai fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce wannan baƙuwa ce, daga nesa ta shigo cikin angurya, shi kansa a kwalba kawai ya taɓa ganinta a gidan gona, inda aka ce su sa ido. Ba ta ma sami sunan Hausa ba tukuna, jar tsutsa kawai suke ce mata. Hajo ta gyara zama, ranta ya yi sanyi, ga suna ya samu, saura magani.

Shi kuwa ya bar tsutsar ya koma juya furen. Ya dubi jan idon da ke gindinsa. Ya taɓa ganyen, ɗanye shar, ya dubi inda aka tsinke reshen, ko bushewa bai yi ba.

"Iya, yaushe aka tsinko wannan?"

"Yau da safe, da hannuna," in ji ta, har da ɗan alfahari.

"A bazara, Iya?"

Sada ne ya fara ganewa. Ya sunkuyar da kai ya shiga tattara zaren da ba ya bukatar tattarawa. Mutanen da suka taru suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin Hajo ta dubi abin da ke hannun yaron ta gan shi yadda baƙo zai gan shi: furen audugar da aka hana, a watan da bai kamata a ce akwai auduga a tsaye ba, kuma ita da kanta ta ɗauko shi a ka ta kawo tsakiyar kasuwa.

Ta roƙe shi. Hajo da ba ta iya roƙo ba, ta roƙe shi da Allah da Annabi da darajar iyayensa. Ta ce gindi kaɗan ne, a bayan ɗaki suke, ba su tare wa kowa hanya ba, kuma in suka tafi irin ya ƙare a duniya. Sada ya sa baki ya ce laifinsa ne, a yi kamar bai kira ba. Malam Tukur ya saurare su har suka gama, sannan ya yi bayani a hankali. Ya ce tsutsar nan in ta ƙoshi sai ta zama ɗan ƙwaro mai fiffike, launin toka, ya tashi ya bi auduga yana zuba ƙwai. Abin da ke kashe ta shi ne yunwar bazara, lokacin da ba auduga a tsaye, dalilin dokar ke nan. To ga shi an sami mai yi mata ban-ruwa, an ciyar da ita har ta ga damina. Da an shuka audugar bana za ta tsallaka, gonar da ta fi kusa ita za ta fara ci.

"Da maganar doka ce kaɗai, Iya, da na rufe ƙwaryar nan na ce ban gani ba. Gonar wa ke kusa da ke?"

Ta ɗauki ƙwaryarta ta kama hanya, ko kuɗin zaren ba ta tsaya karɓa ba.

Hanyar gida ta yi mata tsawon da ba ta taɓa yi ba. Tafe take tana zagin kanta, tsohuwar banza mai son jin suna, da ta zauna da tokarta wa zai sani? Can kuma sai ta tuna furannin da suka zube, ta san ko ta zauna abin ba zai bar ta ba. Da ta gaya wa Usmanu bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya dubi dangar kawai, ya tambaya ko da gaske abin yana tashi. Ta ce haka aka ce. Ya ce to, Allah ya kyauta, ya fita.

Da ta ga ba kowa a tsakar gida, ta shiga ɗaki ta buɗe tukunyar da take ajiyar angurya, ta ɗebi cikin tafi ɗaya, ta ƙulle a tsumma ta tura cikin jinkar ɗaki.

Bayan kwana biyu da hantsi suka zo, Malam Tukur da mai unguwa da 'yan aiki. Mai unguwa ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Maƙwabta suka yi cirko-cirko a bayan danga, mutanen nan da suka shekara suna kau da kai, yau kowa ya zuba ido yana auna nisan lambun da gonarsa, har wata na cewa dama ita ta daɗe tana jin tsoron abin nan. Ji munafunci! Mai unguwa, don ya girmama ta, ya ce ba za a sa ƙattin waje su shiga bayan ɗakin dattijuwa ba, ɗan gida ya yi aikin da hannunsa. Shi a ganinsa alheri ya yi.

Haka Usmanu ya ɗauki gatari da magirbi. Gindin nan sun girme shi, kaurinsu ya kai taɓarya, saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa, sai da ya haƙa har gwiwa kafin kowanne ya saki. Hajo ta kifa turmi ta zauna tana kallo. An ce ta shiga ɗaki ta ƙi. Yana sara yana share fuska da hannun riga, bai yarda sun haɗa ido ba har ya gama. Aka tara su da karan dawa aka sa wuta, ɗanyen ganye ya yi ta hayaƙi, barkonon da yakuwar da ke kusa duk suka yanƙwane.

Sannan Malam Tukur ya tambayi angurya. Ta ɗauko tukunyar ta dire a gabansa. Ya tona, ya ciro ƙwaya biyu da suka manne da juna, ya ɓare, ga 'yar jar a naɗe tana barci. Ya ce a nan take ɓuya ta shekara. Masu mannewar nan ma da sauƙi, akwai wadda za ka gani ita kaɗai, sumul, ba huda ba tabo, alhali tana ciki. Hajo ta tambaye shi to yaya ake gane mai lafiya.

"Sai an fasa, Iya."

Ya juye tukunyar cikin wuta, anguryar ta kama da ƙara saboda mai. Ya tambaye ta ko shi ke nan. Ta dube shi ido cikin ido, da furfurarta, ta ce shi ke nan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi mata sallama ya hau kekensa.

Bayan nan Hajo ta daina zagayawa bayan ɗaki. Ta daina kaɗi. Matar Usmanu ta kawo mata audugar Bature mai kyau, ta ce a mayar. Baƙin cikin da ta yi bai yi kama da komai ba sai na rasuwar mijinta, kuma wannan ya fi ciwo ta wani wajen, don shi mijin ba ita ta jawo masa ajali ba. Abu ɗaya ke tayar da ita da safe, ƙullin nan da ke cikin jinka. Ta riga ta zaɓi wuri, can ƙuryar bayan rijiya, inda ba mai leƙawa.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Wata safiya da gidan ya watse, kowa ya tafi gona, ta ciro ƙullin ta baje a faifai a bakin ƙofarta. Ta tsince masu mannewa ta jefa a murhu. Sauran kuwa tubarkalla, cikakku, masu nauyi, ba abin da ido zai kushe. Ta ɗauko 'yar fartanyarta. Daga bayan danga tana jin Usmanu yana huɗar gonar da zai zuba auduga, yana yi wa 'ya'yansa faɗa su daina wasa.

Sai ta ce bari ta fasa ɗaya, don dai zuciyarta ta kwanta. Haƙoran sun ƙare, don haka ta jawo dutsen gurza da magurjinta na ƙarfe, ta ɗora ƙwaya ta danna. Fari tas, mai maiƙo, lafiya lau. Ta ji zafin asararta, ta ce to ai ga shi nan, lafiyarsu ƙalau. Ta fasa ta biyu don ta tabbatar, ita ma lafiya. Ta miƙa hannu ga fartanya, ta fasa miƙewa, ta ce ɗaya dai, ta ƙarshe. Ta danna, sai ga ta a naɗe, jaja-jaja, tana motsa baƙin kanta.

Hajo ta ƙura mata ido. Ƙwayar nan ba ta bambanta da 'yan'uwanta da komai ba, ita da kanta ta zaɓe ta cikin masu kyau. Ta ɗauki wata ta auna a tafin hannu, ta kai kunne ta girgiza, ta shinshina, ta ɗaga ta ga rana. Ba abin da ta gaya mata. In ta shuka ba ta sani ba, wataƙila ita ce za ta cinye gonar ɗanta. In ta fasa ta sani, ta kashe. Ta ce to bari ta ga ko masu tsutsar suna da wata alama, ko ƙanƙanta, ko duhu, in ta gane alamar sai ta tsira da sauran. Ta ware 'yan ƙananan ta fasa, lafiya. Ta fasa wata babba, tsutsa. Ta bi masu duhu, ta bi masu haske, ta bi masu yawan gashi. Duk lokacin da ta ce ta kama alamar, ƙwaya ta gaba sai ta ƙaryata ta. Tana yi hawaye na zuba, tana cewa daga wannan ta bari, hannun kuwa bai bari ba, don ba ta taɓa kai wa inda za ta iya rantsewa a kan sauran ba.

Da azahar Usmanu ya shigo shan ruwa ya same ta a wurin, rana ta cim mata ba ta matsa inuwa ba. Faifan ba komai. A gefen dutsen ga tari biyu na fasasshiyar angurya, ɗaya ɗan mitsitsi na masu tsutsa, ɗaya ya ninka shi sau da yawa. Ya dubi tarin, ya dubi fartanyar, ya gane abin da ta ɓoye da abin da ta yi da shi. Ya durƙusa a gabanta.

Ta nuna masa babban tarin da magurji.

"Duk waɗannan lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Da sun tsiro."

Kaji suka matso suna leƙe. Ta ce ya kwashe ƙaramin ya zuba a wuta, babban kuma ya bar musu.